ƊAN GAYYA YA KWANTA

Shafi na 14

Daga alƙalamin Husnar Garbadu

Da sunan Allah Mai rahama. Masu aiko min da saƙo tun da sassafe kuna cewa na gudu da labari, ku yi haƙuri, ban gudu ba. Wayata ce ta faɗa tukunyar miya, ta sha kuka ta sha daddawa, sai jiya ta farfaɗo. Wannan shafin naku ne mutanen Bakura, tunda yau a garinku za a kwance ƙullin.

Wanda yau ya shigo kuma, zo kusa ka ji. Fa'iz yaron Talata Mafara ne da ya daɗe yana waƙar rap babu mai saurare. Ranar Sallah ya je Bakura gaida kakarsa Inna Altine, ya tarar ta karɓi taɓarya tana nuna wa 'yan mata yadda ake lugude, tana wata tsohuwar waƙar daka. Gogan naku ya ajiye waya gindin turmi ya naɗe muryar, abokinsa Imrana mai situdiyo ya ɗora mata kiɗa, suka sake ta. Waƙa ta kama gari kamar wutar kara. To mu je.

*

Fa'iz na zaune bisa benci ƙofar situdiyon Imrana, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga baƙin tabarau a fuska alhali hadari ya rufe rana ruf. Wai shi nan tauraro. Jira yake Baffa Muttaka, ƙanen babansa, ya dawo daga Maradun, inda ya tafi da goro da alawa don a sa ranar bikinsa da Jidda.

Wani ɗan kabu-kabu ya gifta, waƙar na tashi daga 'yar sifikar da ya ɗaure jikin madubi:

*Ɗan gayya ya zo da galma sabuwa,*
*Kuyya biyu yay yi, yan nemi inuwa,*
*Ya sha hurata, ya kwanta ga kanya,*
*Jakin Baba ya cinye malafa, wayyo kunya!*

Nan take yaran da ke wasa bakin hanya suka yi sara biyu da galmar ƙarya, suka zube ƙasa, kowa ya rufe fuska da abin da ya samu yana minshari. Rawar ke nan. Daga masu dankali na kasuwar Talata har manoman shinkafa na Bakolori, babu wanda bai zube ƙasa an ɗauke shi bidiyo ba.

Fa'iz ya gyara wuyan riga. "Ka gani ko? Gari ya karɓa."

Imrana ya leƙo ta taga. "Gari ya karɓi tsohuwa dai. Tun da waƙar ga ta fita ka taɓa jin mutum guda ya rera baitinka?"

"Hassada ke damunka."

"Wallahi jiya wata mata ta tare ni kasuwa, wai don Allah wane na yaron da ke surutu tsakiyar waƙar Inna, a cire shi."

Ni Husna na ce gaskiya ɗaci gare ta, amma Imrana bai yi ƙarya ba. Baitocin da Fa'iz ya sha wahalar tsarawa, da zarar sun zo sai mutane su juya su ci gaba da hirarsu har tsohuwa ta dawo.

Yana shirin mayar da martani sai ga mashin ɗin Baffa Muttaka ya shawo kwana. Tun daga nesa Fa'iz ya hango kwandon goron na nan ɗaure a baya yadda ya tafi, ko ganyen ba a ɗaga ba.

Ya zare tabarau ya durƙusa. "Baffa sannu da hanya. An dawo lafiya?"

"Lahiya? Ɗauke kwandonka."

"Baffa mi ya faru?"

"Ni kaka tambaya? Ni ma tambayar niz zo da ita!" Baffa ya cire hula yana fifita da ita. "Mun isa, an yi muna shimfiɗa, an kawo hura. Alhaji Wakili, kakan yarinyar, wanda maganar ke hannunai, ya hito da fara'a har yana tsokana wai za mu ƙwace mai amarya. Ya buɗe baki zai hwaɗi rana, sai yara sunka ɗauki waƙar ga taka ƙofar gida."

"To ai abin alfahari ne."

"Haka ni ma niz zata! Nic ce, ranka shi daɗe, ai waƙar yaronmu ta, muryar da kaka ji kuwa ta mahaifiyata ta, Altine ta Bakura."

"Sai ya ce mi?"

"Sai yac ce, wace Altine? Ɗiyar Mai-jaki ta bakin kanya? Nic ce ita. Yaro, na ga fuska ta canza gabana kamar an zuba ma nono tsamiya. Ya miƙe yac ce mu kwashe goronmu, babu rana, babu wata."

Fa'iz ya lalubo waya ya kira Jidda. Ta ɗauka da raɗa, muryarta ta sha kuka.

"Ya Fa'iz, mi kuka yi ma Baba Wakili? Ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Ya ce duk wanda ya sake kunna waƙar nan cikin gidan ga sai ya bar mai gida."

"Wallahi Jidda ban sani ba."

"To ka sani. Ni dai ban iya wannan abin kunya ba, ƙawayena duk sun san yau za a sa rana."

Ta kashe. Fa'iz ya dubi Baffa, Baffa ya dubi kwando.

"Tahi Bakura ka tambayi tsohuwa," in ji Baffa. "Ni uwata ta, ba ni iya titsiye ta. Kai ne abokin wasanta."

*

Inna Altine na tsakar gida bisa tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta miƙe ƙafafu, goro a kunci. Tana ganinsa ta washe baki.

"Lale da maigida! Lale da mai ƙaton wando! Yau mi ka kawo ma matarka, ko surutun ne dai?"

"Inna yau ba wasa ya kawo ni ba. Ina wuni?"

"Lahiya lau. Wa yam mutu?"

"Aurena."

"Af. Wanga ai ana sake wani. Zauna ka taya ni ɓara."

Ya tsuguna gabanta. "Inna, don girman Allah, waƙar nan ta ɗan gayya, ƙirƙira ce ko da wani kike?"

Ta dube shi sheƙeƙe. "Ji man yaro. Ka taɓa ganin an ɗinka riga babu wuyan da za shi sa ta? Waƙar daka ba a yin ta don iska. Duk wadda kaj ji mace na yi bakin turmi, akwai mai ita, kuma ya san kainai."

"To wane ne mai wannan?"

"Wani dogo na, mai wushirya, daga Maradun." Ta watsa gyaɗa baki. "Lokacin ina budurwa, in na hito dandali samari har tuntuɓe sukai, kar ka ga haƙora sun zube yanzu. Zamaninmu saurayi ba ya samun mata da latsa waya. Gayya zai yi. Shi tara abokanai su zo su huɗe gonar uban yarinya, makaɗa na kiɗa, 'yan mata na waƙa, gari na kallo. Ranar niy yi damun hura da hannuna, nis sa nono har ludayi na tsayawa."

"Sai aka yi yaya?"

"Ya zo da galma sabuwa tana walƙiya, da malafa mai ado da jan fata. Ya yi kuyya biyu, layin huɗa ke nan. Biyu! Ya karɓi ƙwaryar hura ya ɗaga, ya tahi gindin kanya wai zai gyara ƙota. Shiru, shiru. Abokanai na ta huɗa. Da munka biyo sawu, ga mutum ya miƙe yana minshari, ga jakin babana tsaye kainai ya cinye malafa, saura igiya ga wuya."

Ta fashe da dariya har da buga cinya. Fa'iz ko murmushi bai yi ba.

"Inna sunansa."

"Audu."

"Audu wa?"

"Audu dai. Audu Malafa munka sa mai. Tun ranar bai sake taka Bakura ba. Na ji an ce daga baya can garinsu sun ba shi wakilci, har sunan ya bi shi."

Fa'iz ya zauna daɓas cikin faifan gyaɗa.

"Kai! Tashi man bisa gyaɗa!"

"Inna kin kashe ni. Alhaji Wakili kakan Jidda ne! Yau ya maido mana da goro!"

Tsohuwa ta tsaya da tauna. Ta dube shi, ta dubi sama, sai kuma dariyar ta dawo sabuwa, har da tari, har sai da ya miƙa mata ruwa.

"Yarinyar ga mai hankali da ka kawo man, jikar Audu Malafa ta? Ikon Allah! Ashe wajen uwa ta ɗauko."

"Dariya ma kike?"

"To kuka zan yi? Ni nic ce ka sace man murya? Ka zo sumumu kamar mage ka aje waya gindin turmi. Waƙar da nika yi tsakanin bango huɗu, ka ɗauka ka raba ma duniya har da kiɗan aljanu. Ɓarawon waƙa kawai."

Fa'iz ya kawar da kai. Da ta duba da kyau sai ta ga idanunsa sun kawo ruwa, na gaske, ba irin na bidiyo ba.

"Kai, maigida. Haka kaka son ta?"

"Inna, lokacin da kowa ke min dariya, har su Baffa na cewa in je in koyi gyaran mashin, ita kaɗai ke sauraren waƙata har ƙarshe. Wata ma ni kaina na san ba ta da daɗi, amma sai ta ce in ƙara ƙoƙari. In na rasa Jidda, wallahi waƙar nan ba ta amfane ni da komai ba."

Inna Altine ta karkaɗe zane ta miƙe, gwiwa na ƙara.

"Ɗauko man mayahina, mai ruwan ƙasa. Da kwalli."

"Kwalli kuma na mi?"

"Ina ruwanka? Nemo muna mota."

*

La'asar sakaliya suka isa Maradun. Ƙofar gidan Alhaji Wakili yara sun yi layi a ƙasa, kowa da murfin kwano a fuska, ana ta minshari. Suna ganin Fa'iz suka tashi da ihu, "Ga mai surutun! Ga mai surutun!" Haka ya ratsa su kai a ƙasa.

Cikin zaure Alhaji Wakili na zaune bisa buzu, dogo har yanzu, gemu fari tas, carbi a hannu, fuskar nan babu alamar wasa. Gefensa abokinsa ne na ƙuruciya, Malam Ɗantani, wani ɗan gajeren tsoho da ya cije leɓe tun da ya hango mai shigowa.

Fa'iz ya zube can bakin ƙofa. Inna Altine kuwa ta nemi tabarma ta zauna kamar gidan ubanta.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji Wakili, yana kallon bango.

"An wuni lahiya?"

"Lahiya lau."

"Ya iyali?"

"Suna lahiya."

"Ya damana?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya gajiya?"

"Babu gajiya."

Malam Ɗantani ya yi wani irin tari ya toshe baki da hannun riga.

"Madalla," in ji Inna. "Ya barci, Audu?"

"Altine!"

Zauren ya amsa. Rabon da wani ya kira shi Audu gatsau tun rasuwar yayarsa. Ɗantani kuwa ya kasa, ya kife bisa buzu yana shure-shure.

Wakili ya nuna shi da carbi. "Ka gani? Wanga munahukin shi yat tona ni. Da waƙar ta shigo gari na yi shiru, nic ce masu irin muryar ga da yawa, wanda yas sani ya mutu ko ya manta. Ashe akwai saura guda."

Ɗantani ya ɗago yana share hawaye. "Wallahi Wakili mutum ɗaya tak nig gaya ma."

"Wa?"

"Wanzami."

"To ka ji! Da ka hau hasumiya ka hwaɗi ai da ya hi sauƙi!" Ya juyo kan Inna. "Altine, tun ina da baƙin gashi nika gina girma garin ga. Na sauke farali, na aurar da ɗiya, rigimar gona in ta gagara ni aka kira. Jiya na shiga masallaci, na tarar an aje man malafa sabuwa daidai inda nika tsayawa. Da asuba an ƙara wata. Yau wani ya biyo da jaki ta ƙofar gidana, jakin ya tsaya, unguwa duk ta hito kallo!"

"To ƙarya niy yi maka? Ba ka kwanta ba?"

"Na kwanta."

"Jaki bai ci ba?"

"Ya ci! Amma cikinku akwai wanda yat tambayi dalili?" Muryarsa ta sauka. "Lokacin nan kwana da kwanaki ina fama da masassara. Ɗantani ga shi, shi yac ce a ɗaga gayyar, nic ce ba ni sa Altine ta ji kunya gaban ƙawaye. Da ƙafa niz zo tun daga nan har Bakura, galma ga kahwaɗa, jiki na rawa. Kuyya ta biyu nig ga gona na juyawa. Na tahi gindin kanya don kar in hwaɗi gaban mutane. Da na farka, gari duk na kaina ana dariya, ke kina gaba."

Ɗantani ya daina dariya. "Wannan gaskiya na. Jikinai kamar garwashi ranar."

Inna Altine ta sunkuyar da kai. Ta murza bakin mayafi.

"Ban sani ba, Audu. Wallahi ban sani ba, kuma ban ji daɗi ba da nij ji yanzu." Ta ɗago. "Amma kai ma ba ka dawo ba."

"In dawo ina?"

"Ka dawo ka ƙare aikinka! Kana zaton don mi niy yi waƙar? Na yi ta ne don 'yan kasuwa su kawo maka ita Maradun, ka ji haushi, ka ɗauko galma ka zo ka rufe man baki. Babana ya hana kowa taɓa wajen da ka bari, yac ce mai shi na zuwa. Har ciyawa ta rufe wurin ina leƙen hanya. Sai da kaka ta wuce sannan na amsa ma kakan wanga yaro."

Carbin hannun Wakili ya tsaya.

"Wa zai koma garin da jaki yac ci mai malafa?" ya faɗa a hankali.

"Namiji."

Wayyo ni Husna! Na so a ce kuna zauren nan. Ɗantani ya ce "Allahu akbar" ya ja hula ya rufe ido. Wakili ya yi ta waige-waige. Da ya rasa inda zai sauke, sai idonsa ya faɗa kan Fa'iz.

"Kai! Matso nan."

Fa'iz ya ja gwiwa. "Allah shi ƙara maka lafiya Baba. Wallahi ban san da kai ake ba. Yau ɗin nan zan goge waƙar, in yi bidiyo in ba da haƙuri."

"Ka goge ta daga ina? Daga bakin yaran da ke kwance ƙofar gidana? In ka yi bidiyon ban haƙuri kuma, wanda bai san ni ba can Gusau shi ma ya sani ke nan."

"To Baba mi zan yi?"

Wakili ya gyara zama, ya yi gyaran murya, sai kawai tsoho ya ɗauka, yana kaɗa carbi daidai da kiɗan:

*"Ni ne Fa'iz, guguwa daga Mafara,*
*In na taka ƙasa maza su koma shara,*
*Ban san gajiya ba, ban san kwanciya ba,*
*Ƙarfe ne jikina, rana ba ta narka ni ba."*

Fa'iz ya manta da halin da yake ciki, ya miƙe zumbur fuska cike da murna.

"Baba! Ka haddace baitina! Wallahi duk Zamfara kai ne na farko!"

"Zauna, sakarai. Na saurare shi ne don in san irin mutumen da ke neman jikata. Kai kac ce ba ka san gajiya ba?"

"Baba ai... salon waƙa ne."

"Kai kac ce ƙarhe na jikinka?"

"Haka ake yi a rap, Baba, kowa na..."

"Ƙarya kaka yi ke nan? In ba maƙaryaci jikata?"

"A'a! Ba ƙarya ba ne!"

"Madalla."

Daidai nan asabarin ƙofar cikin gida ya motsa, Jidda ta shigo da kwanon ruwa, ido ya kumbura. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ajiye ruwan, amma ba ta koma ba.

"Baba Wakili," ta ce, kanta a ƙasa, "ni dai ka yi haƙuri. Shi nake so."

"Na sani, amarya. Ba don haka ba da tuni na sa an raka shi tasha." Ya juyo. "Yaro, saurara da kyau. Ban hana ka Jidda ba. Amma gidan ga ba a ba da mata da surutu. Yadda aka nema zamaninmu haka za ka nema. Ranar Asabar ka tara abokanka, ka zo gonata ta bakin gari, ku huɗe ta. Gayya."

"Ga... gayya?"

"Daga hantsi har la'asar. In ka ƙare, ban da lokacin salla ba ka zauna ba, ba ka kwanta ba, nan cikin gonar zan sa rana gaban kowa, goron ma ni zan saya. In kuwa bayanka ya taɓa ƙasa, to ka tahi ka auri waƙarka."

Fa'iz ya shiga lissafin abokai. Imrana dai ko buhun gawayi ya ɗaga sai ya sha magani. Sauran kuwa masu gyaran gashi ne da masu ɗaukar hoto. Ya dubi Jidda, ya ga ita ma shi take kallo, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Na yarda Baba."

"Ɗantani kai ne shaida. Makaɗan noma ni zan kira. Waƙa kuwa," ya ɗan saci kallon tabarma, "tunda akwai gwana kusa, Altine za ta yi. Ita za ta tsaya bakin gona ta hwaɗi abin da ta gani."

Ajiyar zuciya ta ƙwace wa Fa'iz. Kakarsa ce fa. Ko yaya aka yi ai za ta rufa masa asiri.

"Inna kin ji, ke ce mai waƙa. Sai ki taimaki maigidanki."

Inna Altine ta kamo hannunsa ta juya tafin, ta latsa da yatsa kamar mai zaɓen tumatir. Ta girgiza kai.

"Maigida, ina son ka har raina, kai ma ka sani. Amma ni ban taɓa ƙarya bakin waƙa ba. Wanda nis so aure ma ban rufa mai ba, bare kai."

"Inna!"

"Ka dai ci tuwo da yawa daren Juma'a."

Tsofaffin suka koma gaisuwa sabuwa, wai ashe ba su tambayi juna labarin 'yan uwa ba, wane ya rasu, wance na nan. Fa'iz ya samu sarari ya matsa kusa da Jidda yana raɗa.

"Jidda, in gaya miki gaskiya?"

"Ina ji."

"Ban taɓa riƙe galma ba. Ko a hoto ban san ta inda ake kama ta ba."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Baba Wakili ma ya sani. Ɗazu da ya fito daga ɗaki ya tambaye ni, na gaya mai."

"To ki roƙe shi mana a yi abin nan cikin sirri. Mu da mu, 'yan gida. In ma na faɗi, babu wanda..."

Bai ƙarasa ba aka doka ganga a waje, kusa, har ƙurar zauren ta motsa. Hayaniyar yara ta ɗauke. Sai muryar mai shela ta tashi, irin wadda ake ji har bayan kasuwa:

"Jama'a ku saurara! Alhaji Wakili na gaishe ku! Ya ce a gaya muku ranar Asabar da hantsi, yaron nan mai waƙar Ɗan Gayya zai yi gayya gonarsa ta bakin gari, neman auren jikarsa! Maza da mata, na Maradun da na Kaya, har na Bakura da Mafara an aika! Kowa ya zo, kuma kowa ya cika wayarsa da caji!"

Fa'iz ya juyo a hankali, baki buɗe.

"Baba... yaushe ka aika? Ai yanzu na ce na yarda."

Alhaji Wakili ya ci gaba da jan carbinsa, wushiryar nan ta bayyana a karon farko.

"Tun azahar. Ni kaɗai za a yi ma dariya garin ga?"